Wanda Ya Tura Ya Shiga: Bankwana da Malam Sabiru Mai Fijo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda ya ba da aro ya karɓi abinsa. Ranar Talata, goma sha takwas ga Safar 1447, daidai da 12 ga Agusta 2025, Allah ya yi wa Malam Sabiru Mai Fijo na Ɗorawar Malam, a ƙasar Makoda, rasuwa a wani asibiti a Kano, bayan jinyar da ya fara tun Babbar Sallah. Aminina ne tun muna kiwon awaki, don haka a yi mini uzuri in na juya ina yi masa magana kamar yana ji.

Malam Sabiru, zuwana na ƙarshe duba ka, ba ka yi mini zancen gona ba. Hannuna ka riƙe ka ce, "Malam Munir, in ta Allah ta kasance, Hajiya ce za ta kai ni gida. Ta kai kowa, kada a raba ni da ita." Na ce ka bar wannan zance, amma na ɗauki alkawari. Baƙo zai zaci matarka kake nufi. Mu kuwa mun san Hajiya ita ce tsohuwar Fijo a-kori-kura, fara, wadda ka saya tun ba a haifi 'ya'yanmu ba.

Hajiya mota ce mai hali. Ƙofarta ɗaya da igiya ake ɗaure ta, cikinta kullum warin fetur da ƙanshin gyaɗa, kuma ta daɗe da daina tashi da mukulli. Shi ya sa kake kwantar da ita a gangaren gindin ɗorawa, hancinta na kallon hanya, da safe a tura ta ta yi tari ta kama. A nan ka kafa dokarka da duk yankin ya haddace: wanda ya tura ya shiga, ba ya biyan komai. Ranar kasuwa sai ka ga dattawa sun naɗe riga suna rige-rigen samun wurin dafawa. Na sha tsokanarka cewa rabin tafiyar motarka ƙarfin tuwon jama'a ne. Kai kuma ka ce, "Motar da ba ta bukatar kowa ai ba ta san kowa ba."

Mutum biyu ne kawai ka ɗauke wa turi, marar lafiya da mai gawa. Ban manta daminar da naƙuda ta zo wa matata Safiyatu da gardama ba. Kana tsakiyar noma aka kira ka, ka jefar da fartanya ka taho da laka har gwiwa. Ba mu kai asibiti ba ta sauka a bayan motar, kai kuma ka tsaya nesa ka juya baya kana ta salati. Yarinyar, Raudatu, yau tana da 'ya'ya huɗu, amma har gobe 'Yar Fijo ake ce mata. Irinta suna da yawa a garin nan, haka ma waɗanda Hajiya ta yi wa rakiyar ƙarshe.

Da Ƙaramar Sallar bana ɗanka Najib, wanda Allah ya buɗa wa a Abuja, ya zo da wata jar mota irin ta tsere. Kujera biyu gare ta, cikinta kamar zai shafi ƙasa, ƙofofinta sama suke buɗewa. Ba ta iya shiga burjinmu ba, a bakin kwalta ya bar ta, ya ɗauke ka a babur don ka gani. Ka zagaya ta, ka shafa ta, ka ce, "Masha Allah, kyakkyawa ce. To, Najib, in mace tana naƙuda, a ina za ta kwanta?" Ya yi dariya, ya ce ka zaɓi duk sabuwar motar da kake so, Hajiya kuma a ba 'yan gwangwan. Ranka ya ɓaci, kuka rabu ba daɗi. Na gaya maka a lokacin, zan kuma maimaita: yaron ba raini ya nufa ba. Ya gaji ne da ganin mahaifinsa da furfura yana kwance ƙarƙashin mota.

Ranar da ka rasu marka ake yi. Motar asibiti ta kawo ka ƙarshen kwalta, direban ya dubi yadda ruwa ya cinye hanya ya ce iyakarsa ke nan. Jar motar Najib tana tsaye a baya, ba ta da abin da za ta yi maka. Nan na gaya wa Najib wasiyyarka. Sai ya cire takalmi ya nufi gari a ƙafa, na bi shi.

Tun kwanciyarka Hajiya ba ta motsa ba, har kaji sun yi ƙwai a bayanta. Najib ya shiga mazauninka, ashe hannunsa bai manta abin da ka koya masa ba. Muka tura, ta gangara shiru kamar ba za ta amsa ba, sai a ƙarshen gangaren ta yi tari ta kama. Wallahi jin wannan ƙarar ya fi labarin rasuwarka sa ni kuka.

Ta kai mu bakin kwalta lafiya. Muka shimfiɗa tabarma muka kwantar da kai, aka juya kanta gida, sai ta mutu. Babu gangare a wurin. Aka tura, aka sake turawa, ta ƙi. Wani ya ce a kawo amalanke kada lokaci ya ƙure, ni ma har na yarda a raina cewa alkawari ya gagara. Sai Najib ya fito, shaddarsa duk laka, ya ce mini, "Baffa, Baba cewa ya yi ita za ta kai shi. Bai ce sai da inji ba." Ya zura hannu ɗaya ta taga ya riƙe sitiyari, ya sa kafaɗarsa a jikin ƙofa.

Haka muka kawo ka gida. Duk gonar da muka wuce, mai ita ya ajiye fartanya ya biyo mu, har wurin dafawa ya ƙare, na baya suna dafa bayan na gaba. Na ga waɗanda aka haifa a cikinta suna turi, na ga waɗanda ta kai iyayensu makwanci. Shekara da shekaru kana cewa wanda ya tura ya shiga. Ran nan duk gari muka tura, kai kaɗai ka shiga.

Ya Allah, ga bawanka Sabiru ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa Inna Hure, da Najib da 'yan'uwansa, da jama'ar Ɗorawar Malam baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu zuwan. Ya Ubangiji, mun shaida bai taɓa wuce wani a hanya ba. Ranar ƙetare siraɗi, kada ka bar shi a hanya. Amin.