Ruwan Wankin Babura da Lemon Inna

Yayana shi ne ɗan farin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba. In tana son magana da shi, sai ta dubi bango ko ta dube ni, ta ce a gaya wa wancan kaza. Shi kuma yana tsaye a gabanta zai jira in maimaita masa. Mun sha yi musu dariya, amma ko a jikinsu.

Shekarar da ya buɗe wurin wankin babura a bayan gidanmu na Kankia, ni ina koyarwa a wata firamare a Kusada, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. Sana'ar ta karɓe shi. 'Yan acaɓa da masu ɗauko buhunan gero daga Fakuwa duk wurinsa suke tsayawa, su bar masa laka da baƙin mai su tafi fes. Da ruwan ya fara kwanciya a kan hanya, duba-gari ya zo ya ce sauro zai yi gida, a san yadda za a yi da shi.

Daga cikin katangar gidan kuwa akwai lemon tsamin Inna. Marigayi mahaifinmu ne ya ɗauko dashensa daga Yashe, garinsu Inna, ya shuka mata. Kowane rani da ruwan wanke-wanke take lallaɓa shi, kofi-kofi. Yayana ya dubi ruwan da ke damun hukuma, ya dubi uwarsa tana fama da kofi, sai dabara ta faɗo masa. Ya huda katanga, ya ja kwata har gindin lemon. Ranar ya shigo gida yana washe baki, ya ce in gaya wa Inna ta huta da ban ruwa har abada. Na gaya mata. Ta ce Allah ya yi albarka, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Wata Asabar na zagaya bayan ɗaki na ga zare baƙi ɗaure a wani reshen lemon, irin wanda Inna take kitso da shi. Mako na gaba na tarar da wani zaren can sama da na farko. Sai na lura duk abin da ke ƙasan zaren ganyensa ya yi rawaya ya murɗe. Ƙasar gindin ta yi baƙi tana santsi, tana warin gareji. Ashe Inna auna ciwon take yi, duk inda bushewar ta kai sai ta ɗaura alama.

Raina ya ɓaci, don ni ba mai haƙuri ba ce, kowa a gidan ya sani. Na ce yanzu zan je in same shi. Ta riƙe mini mayafi ta ce in zauna. Wai yaron alheri ya nufa, wai ta yaya za ta aika a ce masa kyautarsa ce ke kashe abin da ubansa ya bari. Ta ce za ta ga iyakar inda zaren zai tsaya, wataƙila itacen ya saba da ruwan. Na ce Inna, itace ba ya sabawa da omo da baƙin mai. Ta ce ai ni ma ba itace ba ce balle in sani.

Na yi biyayya na ɗan lokaci, har zaren ya haura inda hannunta ke kaiwa, ta fara hawa turmi. Ganin tsohuwa a kan turmi shi ya ƙare mini haƙuri. Na jawo hannun yayana daga cikin kumfa na kai shi gindin lemon. Ya bi zaren da ido daga ƙasa har sama. Ya tambaye ni wa ya ɗaura, na faɗa masa. Ya daɗe a tsugune, kuma sai na ji tausayinsa ya kama ni fiye da na itacen.

A ranar ya toshe kwatar. Ya haƙa rami can nesa ya cika shi da yashi da gawayi, ya mayar da ruwan wankin can. Ya kwashe baƙar ƙasar, ya kawo jar ƙasa da taki. Daga nan kullum da safe, kafin ya taɓa babur ko ɗaya, zai shigo da jarka biyu na ruwan rijiya ya zuba a gindin lemon, ya gaida Inna, ta amsa tana kallon murhu.

Damina ta sauka, komai ya yi kore, lemon bai motsa ba. Na kankare ɓawonsa da farce na ga ciki ya bushe ƙamas. Amma yayana bai fasa zuwa da jarkokinsa ba, har ranar da aka kwana ana ruwa. Abin ya dame ni, na sami Inna a ɗaki na ce bari in gaya masa gaskiya, ya daina wahalar da kansa, itacen nan ya mutu.

Ta ce ta riga ni sani, tun kafin ruwan farko. Sannan ta leƙa ƙofa ta rage murya.

"Ke dai ƙyale shi, kada ki hwaɗa mashi," in ji ta. "Tun da ya yi aure ban samu ina ganin shi kullum da sahe ba sai yanzu."