Kalmasar Goggo Barakatu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Satumba, 1956, a farkon watan Safar, Allah Ya yi wa Goggo Barakatu rasuwa a ƙauyenmu na gefen Doguwa, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki. Ita ce yayar mahaifina, ita ce kuma ta raine ni. An yi mata wanka, an kai ta makwancinta, an share makoki, duk ina makarantar sakandare a Kano ban sani ba. Babu wanda ya aiko. A tashar mota na ji, a bakin wani mutumin garinmu mai fataucin barkono, da ya kama hannuna yana yi mini gaisuwa. Shi a zatonsa na daɗe da sani.

Goggo, na san da sanyin murya ake ta'aziyya. Ki yafe mini, tawa ba za ta yi sanyi ba, don raina a ɓace yake. Na roƙi izini a makaranta na zo gida, na tarar an ɓata miki suna a zauren gidan ubanki. Na kuma tarar Baffa Ladan, ƙaninki, ya yanke cewa karatuna ya mutu tare da ke. Wai kada in koma Kano, in tsaya a yi girbi, sannan in bi 'ya'yansa Riruwai haƙar kuza. Shekara ɗaya ta rage mini in gama. Ke kaɗai ce kika tsaya tsakanina da ramin nan, ga shi kuma an kwantar da ke.

Ban san mahaifina Isa ba sai a bakinki. Ina rarrafe ya rasu, mahaifiyata ta sake aure a Kiru, ke kuma da Allah bai bar miki ko ɗaya cikin naki 'ya'yan ba, kika ɗauke ni kika goya. Ba zan ce ke mai taushin baki ba ce, kada in yi miki ƙarya don kin mutu. In na yi laifi, tun daga bakin rijiya ake jin muryarki. Amma ban taɓa kwana da yunwa a ɗakinki ba, ko a shekarar da gero ya ƙi. Matan Fulani masu kawo nono daga ruga, a ƙofarki suke sauke ƙwarya su huta, ki ba su ruwa, ki ƙulla musu daddawa, ki bi su da faɗa wai sun bar yaro da majina. Duk macen da ta haihu a unguwarmu, ke ce mai hura wutar ruwan wankanta. Waɗannan kowa ya sani. Abin da zan faɗa yanzu shi ne wanda ba su sani ba, kuma dole su sani.

Shekarar da aka zaɓe ni zuwa sakandare, aka ce kowane yaro ya zo da fararen kayansa, riga da wando, biyu-biyu. Baffa Ladan, da yake shi ne maigida, shi ya je kasuwar Doguwa ya yanko yadi. Daidai jikina ya yanko, ko faɗin yatsa bai ƙara ba. Ba rowa ce kaɗai ba. Ya faɗa da bakinsa, ina tsugune ina ji, wai shi ba ya ɓarnar yadi a kan karatun da ba zai wuce shekara ba. Da dagaci, mai bin sawun 'yan makaranta, ya kau da ido, zai janye ni.

Kika karɓi yadin kika ajiye. Da kasuwa ta zagayo kika tasa ni gaba har rumfar Ɗantani tela, mai keken ɗinki. Ya ɗauko igiyar awo zai auna ni, kika ture hannunsa. Kika kwance ƙunshinki, kika fito da tsohuwar taguwar mahaifina, kika shimfiɗa ta a tabarma.

"Wannan za ka auna," kika ce, "ba wannan ɗan tsakon ba. Ubansa dogo ne, kakansa dogo ne, shi ma can zai je."

Ɗantani ya duba yadin Baffa, ya ce ai ko rabi ba zai kai ba. Kika ce wannan ba damuwarsa ba ce, kika aike ni ƙarshen kasuwa sayen kanwa. Da na dawo kun gama magana. Na dai ga fuskar Ɗantani ta sauya, kamar wanda aka tilasta wa shan magani mai ɗaci, amma wa zai tsaya yi wa yaro bayani?

Da kayan suka ɗinku, ke kika zauna da allura kika naɗe ragowar tsawon da hannunki. Kalmasa a kan kalmasa, a gindin riga, a bakin hannu, a ƙafar wando, kowace shekarar karatu da tata. Faɗi kuwa babu yadda za a yi da shi, sai dai a tamke zariyar wando da kyau. Ranar da na sa, yaran unguwa suka bi ni suna dariya. A makaranta Buhu aka sa mini, har yau kuma da shi ake kira na. Na yi miki kuka, na ce kayan nan ba nawa ba ne.

"Ai ba kai na ɗinka wa ba, Surajo," kika ce. "Wani mutum ne yana tafe. Kai dai riƙe masa."

Tun daga nan, duk hutun ƙarshen shekara, kafin in sha ruwa kin tsayar da ni a ƙofar ɗaki. Ki juya ni gaba, ki juya ni baya, ki ja ƙafar wando, ki yi tsaki ki ce na cika saurin tsawo kamar dawar bakin juji, alhali kuwa daɗi ne fal a fuskarki. Sai ki ɗauki reza ki warware kalmasa ɗaya, ki yi faci inda gwiwar hannu ta ci. Duk shekara kuma Baffa sai ya ta da maganarsa, ya ce karatun ya isa haka. Sai ki fito da rigar ki ɗaga ta a gabansa, ki nuna masa sauran kalmasar, ki tambaye shi ko zubar da wannan yadi mai kyau za a yi, tunda ba a haƙar kuza da fararen kaya. Sai ya yi ƙwafa ya ce to a bari baɗi. Da rowarsa kika yi ta kayar da shi, Goggo, shekara bayan shekara, shi kuwa bai taɓa tambayar inda ƙarin yadin ya fito ba. Ina ruwansa, tunda ba daga aljihunsa ba ne.

Yanzu ga abin da ya faru ranar da kika rasu, kamar yadda Inna Dije, maƙwabciyarki da ta yi miki wanka, ta gaya mini tana kuka. Kowa a gidanmu ya san tun da daɗewa kin yi kaɗi kin sayi farin yadin alawayyo, kin ajiye likkafaninki a ƙasan adudu, kamar yadda tsofaffi masu hankali suke yi. Da aka buɗe adudun, sai aka tarar da ɗan ƙyalle wanda ko kallabi bai kai ba. Aka aika wa Baffa a zaure. Maimakon ya tashi shiru ya rufa wa yayarsa asiri, sai ya ɗaga murya a gaban liman da jama'a, gawarki na kwance a ɗaki, ya ce dama ya sani. Wai kin sayar da likkafaninki kin ci goro, kin bar masa wahala har bayan ranki.

Haba, Baffa. Macen da ta goya ka, ta share maka majina? Kuma ku da kuke zaune a zauren nan, ku da kuka sha ruwan randarta, ku da ta yi wa matanku jego, babu ɗayanku da ya ce masa ya ji tsoron Allah. Wasu ma, an ce, murmushi suka yi. Kafin la'asar maganar ta kai bakin rijiya, kafin kwana bakwai ta kai kasuwa. Da na shigo gari, wata yarinya da ba ta san ni ba ta nuna mini gidanmu, ta ce gidan tsohuwar da ta cinye likkafaninta ke nan. Wallahi, Goggo, da ƙyar na riƙe kaina.

Ɗantani ne ya tashi daga zauren a ranar, ya je rumfarsa ya yanko yadi, da shi aka suturta ki. Bai buɗe baki ba, don kin sa shi ya rantse kada Ladan ya taɓa ji. Da na je yi masa godiya, ya daɗe yana kallon rigar jikina, sannan ya ce ni dai ba ni cikin rantsuwar. Ya ce ranar da kika aike ni sayen kanwa, a ƙarƙashin taguwar mahaifina kika ɓoyo alawayyon. Ya ƙi karɓa. Ya ce ba a sa wa yaro mai tafiya likkafani, mutane za su ce mutuwa ake kira masa, Ladan kuwa in ya ji zai ƙone kayan, ya sami dalilin da yake nema.

"Yadi yadi ne, Ɗantani," ya ce kin ce masa. "Ni ban shirya tafiyata ba tukuna. Shi kuwa tasa ta zo. Yanka."

Niyyarki ki sake kaɗi ki mayar da wani. Amma duk zaren da kika kaɗa tun daga ranar, a kaina ya ƙare: sabulu, takalmi, mota daga Tudun Wada zuwa Kano. Goron da kika ci ke nan.

Ni ban rantse wa kowa ba. Jiya bayan la'asar, lokacin da dattawa suke zaune a zauren Baffa, liman yana nan, na shiga da rigar a hannu. Na tsuguna na gai da kowa yadda kika koya mini. Sannan na ce wa Baffa na gano likkafanin Goggo. Na shimfiɗa rigar a tabarma, na faɗi abin da Ɗantani ya gaya mini, ban rage ko kalma ba. Kalmasa ɗaya ta saura, ta shekarar ƙarshe, wadda za ki warware mini a hutu mai zuwa. Na ɗauki rezarki na warware ta a gabansu. Da ƙyar zaren ya saki, don kin ɗinke ta da ƙarfi. Duk rigar ta sha rana da shuni ta koɗe, amma abin da ya fito daga cikin naɗin nan fari ne fat, yadda kika saye shi, yadda da an naɗe ki a ciki. Babu wanda ya yi murmushi a wannan karon.

Na zura rigar. Ta zauna a kafaɗata, ta sauka daidai inda taguwar mahaifina take sauka. Baffa ya zabura ya ce in tuɓe, ba ya son mugun abu a gidansa. Liman ya ce yadi ba shi da laifi, mai laifi shi ne harshe. Baffa ya kau da kai, ya ce ko ma mene ne, maganar Riruwai tana nan.

"Baffa, ka yi mini gafara," na ce. "A nan ka ce ta cinye likkafaninta. Ga shi a jikina. Ba zan shiga ramin kuza da shi ba, ba kuma zan ajiye shi ba sai na gama abin da aka ɗinka shi dominsa."

Ya ce in na koma Kano, kada in sake tako masa gida. Na ce to. Ban san inda zan sauka in an yi hutu ba, kuma ba zan ce ban ji tsoro ba. Amma da in zauna a gidan da aka zage ki kina kwance, gara in kwana a rumfar Ɗantani. Na ɗaure kayana, na ɗauki rezarki da taguwar mahaifina. Ban nemi komai ba bayan su.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Dije, wadda ta rasa abokiyar hira da faɗa. Ga Ɗantani, Allah Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa miki. Ga matan ruga da za su zo su sauke ƙwarya su tarar da ƙofa a rufe. Da dukan dangi na Doguwa da Kiru. Ina yi wa Baffa Ladan ma ta'aziyya, don ko ya sani ko bai sani ba, ya rasa mutum ɗaya da take gaya masa gaskiya. Ban huce da shi ba, ba zan ɓoye ba. Allah Ya ba ni ikon yafe masa wata rana, Ya nuna masa girman abin da ya faɗa tun yana da sauran numfashin neman gafara.

Ya Allah, Ka jiƙan Barakatu, Ka gafarta mata, Ka kai haske makwancinta. Ka yalwata mata kabarinta kamar yadda ta yalwata wa maraya riga. Ta tuɓe suturarta ta ƙarshe ta ba ni, Ka tufatar da ita da tufafin Aljanna, Ka haɗa ta da 'ya'yanta da suka riga ta.

Goggo, mutumin nan da kika ce in riƙe masa kaya, ya iso. Kayan sun yi masa daidai. Ke ce bai tarar ba.

Allah Ya sa kin huta. Amin.