Farar Damisa a Ƙarƙashin Gandiroba

A shekarar alif ɗari tara da casa'in da shida na fara saninsa, cikin watan Maris, ranar da na kama aikin akawu a wata ƙaramar maɗaba'a bayan na bar koyarwa. Aka zaga da ni ɗaki-ɗaki. A ɗakin ƙarshe, mai taga ɗaya, na tarar da wani dogon mutum tsaye gaban akwatin haruffan dalma, da harafi biyu a tsakanin leɓɓansa kamar tela da allura. Sai da ya gama layin da yake jerawa sannan ya tofo su a tafin hannu, ya dube ni daga takalmi zuwa tabarau.

"Kai ne Baturen da aka ce za a kawo mana?"

Na ce ni akawu ne.

"To, Akawu, riƙe takardar nan taka daidai."

Takardar ɗaukata aiki ce, tana fuskantata. Daga inda yake tsaye ya karanta ta a juye, tun daga kwanan wata har sa hannun Manaja, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya ce an mance waƙafi a layi na huɗu. Na duba, haka ne. Mai jera haruffa a juye yake ganin kalma duk tsawon yini, don haka wannan ba komai ba ne a wurinsa. Ni kuwa da na yi makarantar mishan, inda ake dukan yatsa a kan waƙafi, nan take na ji ya kwanta mini a rai.

Dalma ake ce masa, saboda yatsunsa da ba sa fita ko da wane sabulu. A lokacin ya shekara ashirin da biyu a ɗakin nan. Yana da mata da 'ya'ya mata uku, da keke ɗaya wanda ya fi shi tsafta.

Shekara ɗaya bayan haka katunan suka shigo. Ƙanin matarsa, direban babbar mota, shi ya kawo masa daga tafiya. Ba irin kartar da aka saba ba ce. Ana sayar da su a ƙananan fakiti a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yaga. Kowane kati da hotonsa, da 'yan layukan Turanci a ƙasa masu faɗin abin da yake yi. Kowa yana tara nasa, ya zaɓi sittin ya shiga wasa da su, a gwabza har ɗaya ya ƙare. Dalma yana karanta Turanci sarai amma ba ya jin rabinsa, sai ya kawo mini in fassara. Daga fassara na faɗa ciki. Na ukunmu shi ne mai yankan takarda, wanda ake kira Sarkin Wuƙa, mutum mai surutu da yatsu tara.

Mu muka raɗa wa katunan sunayen da bakinmu zai iya. Nawa mafi daraja ita ce Farar Damisa, mai bakin azurfa. A fakiti na goma sha ɗaya na same ta, ba kuwa wanda ya sake samun irinta a cikinmu. Na Dalma shi ne Gandiroba: wani ƙato riƙe da tarin mabuɗai, ba ya duka, ba ya gudu.

Ga yadda aikinsa yake. A wasan, katin da aka kashe yana tafiya tarin da muke kira makabarta. Gandiroba ba ya kisa. In ka sauke shi fili, sai ka nuna kati ɗaya na abokin karawarka, ka ɗauko shi ka tura ƙarƙashin Gandiroba, kansa kaɗai a waje. Katin nan bai mutu ba, amma ba ya cikin wasa. Ba ya kai hari, ba a kai masa, kuma katin da ke tayar da matattu ba ya isa gare shi, tunda ba a makabarta yake ba. Yana nan har ranar da Gandiroba ya bar fili, ko an kashe shi ko an kore shi. A lokacin sai tsararren ya koma wurin mai shi. Sai dai akwai layi na ƙarshe, wanda aka rubuta da ƙananan haruffa: sabo yake dawowa. Duk garkuwa da takobin da ka ɗora masa, duk ƙarfin da ya tara, wanda muke ƙirgawa da gutsattsarin dalma marasa harafi, duk sun zube.

Sarkin Wuƙa bai taɓa riƙe wannan ba. Da an tsare masa kati sai ya wurga shi makabarta yana tsaki.

"Ɗauko shi," in ji Dalma. "Wanda ya mutu daban, wanda aka tsare daban."

"Mene ne bambancin, tunda duk ba ya yi mini aiki?"

"Bambancin shi ne wannan zai dawo, kai mai yatsa tara. Naka ɗin da wuƙa ta ci, shi ne ba zai dawo ba."

Hutun rana daga ƙarfe ɗaya ne zuwa biyu saura kwata. Don kada lokaci ya tafi, Dalma ba ya zuwa famfo. Da hannun da ya yini cikin dalma yake cin abincinsa, ɗayan hannun yana raba kati. In ƙararrawa ta kama mu wasa bai ƙare ba, ba ma tattarawa. A kan farantin ƙarfen da ake jera shafi muke shimfiɗa katunan, sai a zura shi cikin kanta yadda yake, gobe a zaro a ci gaba. Ba wanda ya taɓa taɓa farantin a bayan idon wani.

Ciwon Dalma ya fara ne da ciki. Sai dasashinsa ya yi wani shuɗin layi. Sai wuyan hannunsa na dama ya saki, yatsun suka kama rawa. Mutumin da ba ya kuskuren waƙafi ya fara zubar da layi guda a ƙasa, ya durƙusa yana tsinta. Likita ya ce dalma ce ta taru a jininsa.

Ranar Talata, sha bakwai ga Agusta, alif ɗari tara da casa'in da tara, Manaja ya kira ni da safe ya shifta mini wasiƙa biyu. Ta farko ta Dalma ce: ya tafi hutu na ɗan lokaci har ya warke, aikinsa na jiransa. Ta biyu ta wani mai sayen tsoffin ƙarafa ce: ya zo ya kwashe haruffan dalma duka kafin ƙarshen shekara, don za a saka kwamfuta a ɗakin. Ni na buga su duka biyu, ba kuskure ko ɗaya.

A hutun ranar muka zaro faranti. Farar Damisata tana fili da garkuwa da takobi da dalma uku a kanta, saura kaɗan in gama da shi. Dalma ya sauke Gandiroba, ya kwashe kayan da ke kanta ya zuba makabarta, ya tura ta ƙarƙashi da yatsa mai rawa.

"Ta ɗan huta, Akawu. Ta cika zafin kai."

Ƙararrawa ta kaɗa. Ƙarfe uku ya shigo ofishina karɓar wasiƙarsa. Ya tsaya a gaban teburina yayin da nake neman ambulan, ya karɓa, ya karanta, ya ninke. Da aka tashi sai na ga ya zaro farantin, ya ɗauki Gandiroba da Damisata a ƙarƙashinsa, ya ɗaure su tare da zaren da ake ɗaure shafi.

"Katina fa?" na ce.

"Wasa bai ƙare ba. Muddin Gandiroba na fili, ba ta dawowa. Kai ne ka fassara mini dokar. In na dawo mu ƙarasa."

Na yi dariya. Na ce Allah ya ba shi lafiya.

A watan Disamba aka kwashe haruffan, buhu goma sha huɗu. Na tattara sauran katunan da ke kan farantin kafin a haɗa da shi, na zuba a aljihun tebur. Sarkin Wuƙa ya ce in je in gaya wa mutumin gaskiya. Na ce ba huruminmu ba ne, kuma ai zai ji. Ya ji an kawo kwamfuta kuwa, amma ya ɗauka kusurwa guda za ta ci, don a ganinsa ba yadda za a yi a buga katin gayyata mai kyau ba da dalma ba.

Bayan shekara guda ƙanin matarsa ya samo masa aikin tsaron sito a kamfanin motocinsu. Aiki ne na zama da ido, ba ya son yatsa. Dalma ya ƙi. Ya ce mai aiki ba ya karɓar wani aiki. Sai ga matarsa a ofishina wata ranar Alhamis, ta zauna a bakin kujera, ta ƙi sakin jakarta.

"Akawu, don Allah ka gaya mini. Za a mayar da shi? In ba za a mayar ba, ya kama wancan tun ba a ba wani ba."

Na gyara tabarau. Na ce, "Takardar ta ce na ɗan lokaci ne."

Ban yi ƙarya ba, haka takardar ta ce. Da wannan na yi ta lallashin kaina shekaru. Ta yi godiya ta tafi, aka ba wani aikin siton. Babbar 'yarsu ta bar makaranta ta kama ɗinki. Aka sayar da keken. Ni kuma na rage zuwa gidan, daga kowane wata zuwa sau biyu a shekara, domin duk zuwan da na yi sai ya buɗe gwangwanin da ke kan taga ya nuna mini katunan nan biyu a ɗaure, ya tambaye ni ko Manaja ya yi maganarsa.

A shekara ta dubu biyu da uku Manaja ya yi ritaya. Ranar Litinin da ta biyo baya, ƙarfe takwas saura minti biyar, sai ga Dalma a ƙofa cikin tsohuwar rigar aikinsa, an wanke an goge. Ya rame har rigar tana lilo a jikinsa. Ya wuce kai tsaye ɗakinsa. An toshe tagar, an saka na'urar sanyaya ɗaki, wasu mata biyu suna zaune gaban kwamfuta. Ɗayarsu ta ce, "Baba, wa kake nema?"

Sabon manajan mutumin kirki ne, amma bai san shi ba. Ya duba wasiƙar da ta yi laushi don ninki, ya ce wannan sashe babu shi yanzu. Abin da zai iya shi ne ya ɗauke shi ninke takarda, a matsayin sabon ma'aikaci na wucin gadi. Shekaru ashirin da biyar ɗin baya ba za su shiga lissafi ba.

Dalma ya juyo ya dube ni. "Sabo yake dawowa," ya ce. "Ƙananan haruffan nan."

Kwana uku ya yi. Hannun ba ya iya haɗa baki da baki, takarda tana ta lalacewa. A rana ta uku da la'asar ya ajiye aikin da kansa, na raka shi bakin titi. Muna jiran mota ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ranar nan da na zo karɓar wasiƙa, akwai wata a kan teburinka. Ta mai sayen ƙarafa."

Ya ci gaba:

"Na karanta ta. Ba a sa mata hannu ba tukuna. Sai na ce a raina, in maganar ta tabbata, Akawu zai gaya mini. Da na ga ba ka ce komai ba, na ɗauka an fasa."

Motar ta zo. Na riƙe masa gwiwar hannu ya hau. 

Bayan wata bakwai ƙaramar 'yarsa ta zo ta ce, "Baba Akawu, Baba yana nemanka." Na je ranar Asabar da hantsi. Yana kwance kusa da taga, ƙafafunsa sun kumbura, ƙoda ta gaza. Ya ce in cire kwat ɗina in rataya a ƙusa, zafi ake yi, wa zan burge a nan. Na rataya. Muka yi hirar Sarkin Wuƙa, da wani littafin lissafi da aka taɓa bugawa shafi na tara a kife. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Bai ambaci wasiƙa ba, bai buɗe gwangwani ba. Can ya ce in leƙa kicin in gaida uwar yara, tana jin haushi in na zo ban shiga ba. Na shiga, ta amsa gaisuwata a taƙaice. Da na dawo na same shi zaune a bakin gado yana haki, kamar wanda ya yi doguwar tafiya. Na tambaya, ya ce ba komai, juyawa ya yi.

Kwana tara bayan haka ya rasu.

Da safen jana'izar na ɗauko kwat ɗin nan, wanda ban sake sakawa ba tun ranar. Na zura hannu a aljihun ciki neman hankici, sai na ji kati. Farar Damisa ce, ita kaɗai, ba Gandiroba. Shekara huɗu da watanni a hannun mutumin da ba ya iya riƙe cokali, amma ba ta lanƙwashe ba, ba ɗigon tawada a jikinta. Sawun zare ne kawai, siriri, a gefenta na hagu. Daga gadonsa zuwa ƙusar nan taku shida ne. Na ƙirga da na koma yi wa iyalinsa gaisuwa.