Yaya Sabi'u da Kwalbar Jan Gari

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Sabi'u, wanda ya koyar da kimiyya a wata sakandare a Karaye har ƙarfinsa ya ƙare. Allah Ya jiƙansa. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na zauna kusa da shi, na kuma riƙe abin da na ji.

Yakan ce idan ƙarfe ya haɗu da iskar da muke shaƙa, sai ya rikiɗa ya zama gari, kamar tsatsar jikin fartanya. Amma riƙon da kowane ƙarfe yake yi wa iskar ba ɗaya ba ne. Na zaiba sako-sako ne: da ya ji wuta sai ya saki, ɗigon zaiba ya fito yana ƙyalli. Na baƙin ƙarfe kuwa, ko an gasa shi yana nan daram.

Bana, bayan cirar gyaɗa, ɗansa Nafi'u ya zo mini da wani baƙo mai yawan murmushi, riƙe da kwalbar jan gari. Wai garin zaiba ne, ana nemansa ruwa a jallo a ƙasashen waje. Nafi'u zai sayar da gonar da ya gada a Tudun Kaya ya shiga harkar. Abu uku suka tsaya mini a rai. Na farko, baƙon bai faɗi garinsu ba. Na biyu, sauri yake yi. Na uku, ba ya son a buɗe kwalbar.

Na ce sai an buɗe. Na ɗebi kaɗan a fasasshen kasko, muka ɗora a wuta a fili, muka ja da baya, domin marigayi ya sha gargaɗi cewa hayaƙin zaiba guba ne. Garin ya yi duhu, ya huce, ya koma ja. Ko ɗigon zaiba babu.

"Wutarku ce ba ta kai ba, Alhaji," in ji baƙon.

Nafi'u ya dube ni. "Baffa, ko a ƙara gawayi?"

Aka ƙara. Kafin ya kama, baƙon ya nemi buta zai yi alwala. Har yau ba mu ga butar ba.

Da Yaya yana raye, ba baƙon ne zai dame shi ba. Tambayar ɗansa ce za ta dame shi, domin yaron ya ga gaskiya da idonsa amma yana fatan wuta ce ta yi kuskure. Yanzu ma an ce an ga masu irin kwalbar a wajen Beli, kuma na lura Nafi'u yana kasa kunne.

Yaya bai bar dukiya ba, gona ya bari da ɗabi'ar gwaji. Gonar tana nan. Kaskon ma na ajiye shi a zaure, inda duk baƙon da ya shigo zai gan shi.