Mai Sayen Tsingaro

Ranar da ya fara zuwa rumfar tukwanenta a kasuwar Kazaure neman tsingaro, Iya Zaituna ta wanke shi tas. Wane mai hankali zai bar lafiyayyar tukunya ya sayi fasasshiya, in ba asiri zai binne wa wani ba? Ta dai ci gaba da sayar masa, amma zuciyarta ba ta kwanta ba.

Yau da ta kawo masa tsingaro, ga shi tsugune a ƙofar shagonsa, siriri, hannun riga a naɗe, yana leƙen wani bokiti kamar mai jinya. A sama jajayen kifaye ne cikin akwatin gilashi. Ruwansu yana gangarowa ta tiyo, ya ratsa soso da gawayi da tsingaronta, sannan ɗan inji ya mayar da shi garau. Da gani gwauro ne; mai mata ina ya ga lokacin wannan tarairaya?

"Iya, dattin kifin suke tacewa," in ji shi.

Ta sauke ajiyar zuciya. "To ɗan nan, na jiya kada ka kuskura ka zuba. Tukunyar kanwa ce, za ta kashe maka kifin."