Sallau, Salaou da Sallow

Duk wanda ya saba bi ta inda titin Burnside ya ratsa ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa mai lamba huɗu a Bronx ya san shagon Harouna. Shagon bai fi ɗakin gwauro faɗi ba, amma an cusa masa kaya har rufi: huluna, tabarau, cajar waya, laima, turaren wuta da man kaɗanya. Mai shagon dogo ne, mai yawan tsaki. Yana da kirki, babu mai musun wannan, sai dai kirkin nasa irin wanda ake so a riƙa tunawa ne.

A Maradi aka haife shi, a gidan kakansa Sallau, tsohon falken goro. Wannan kakan ya daɗe yana zaune a zangon Kumasi, har ya auri wata 'yar garin mai suna Yaa, suka haifi ɗa namiji, Tsoho. Da gwamnatin Gana ta kori baƙi a 1969, Sallau ya tattara ya dawo gida wurin iyalinsa na fari, yaron kuma ya zauna da uwarsa. A gaban wannan tsoho Harouna ya tashi. Shi ke ɗaukar masa buta, shi ke matsa masa ƙafa, shi ke cin ragowar furarsa. Da ya girma ya yi tallan agogo a Lome, daga can ya samu hanyar New York, ya fara da teburin huluna a bakin titin Fordham, sanyi da zafi duk a kansa suke ƙarewa. Matarsa Balki da 'ya'yansa suna Maradi har yau, takardu sun ƙi fitowa.

Sunan kakan ne a fasfon Harouna, amma da rubutun Faransanci, Salaou. Wannan rubutu ya sha wahala a bakin Amurkawa. A asibiti su ce Salo, a ofishin lasisi su ce Salawu, akwai ma wata ma'aikaciya da ta ɗaga murya ta kira shi Salun, kamar shagon gyaran gashi, a gaban jama'a. Harouna yakan yi tsaki ya miƙe, ya amsa duk wanda aka kira.

Wata Juma'a a 2010, an idar da salla a wani masallaci da ke Morris Heights, sai wani ya ƙwala kira daga bakin ƙofa, "Sallau!" Mutum biyu suka waiga. Ɗaya Harouna, ɗaya kuma wani saurayi gajere mai fara'a, sabon zuwa daga Kumasi. Kafin a gama neman takalma an gano zancen. Abukari ne, ɗan Tsoho. Harouna ya rungume shi yana kuka a kan titi, shi da ko a waya da Balki ba ya yarda muryarsa ta karye. A duk faɗin Amurka ba shi da wani jini sai wannan yaro, kuma daga ranar ya ɗauki kansa a matsayin uba gare shi. Ya kwantar da shi a ɗakinsa, ya nuna masa jirgin da ake hawa da wanda ake gudu, ya tsaya masa a matsayin waliyyi da ya tashi auro Nimatu. Yakan tsokane shi a kan Hausarsa ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji. Abukari ya ce "Nimatu ya dafa wake da shinkafa," Harouna ya ce to Allah ya ba Nimatu gemu.

Abu ɗaya ne ya riƙa sosa wa Harouna rai tun farko. Magatakardan da ya rubuta sunan a Gana da Turanci ya rubuta shi, sai ya fito Sallow. Babu Ba'amurken da ya taɓa tuntuɓe a kansa. Da Abukari ya samu gida a Parkchester, inda Harouna ya nema sau da dama bai dace ba, Harouna ya je ya yi addu'a, ya sa albarka, ya dawo shago yana cewa a ransa ai sunan ne, sun zaci Bature ne. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, shi dai ya riƙe hakan, kuma yana samun ɗan sauƙi da shi.

Ana nan, a 2015, lokacin Abukari yana tuƙa koriyar tasi, sai wani tsohon Bature ya shiga motarsa. Ya ƙura wa lasisin da ke manne a gaba ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ai sunana ne." Mista Sallow tsohon ma'aikacin gidan waya ne, matarsa ta rasu, ba su haihu ba. Ya ce ya ƙare ƙuruciyarsa yana raba wasiƙu a Bronx, bai taɓa ganin sunan a ƙofar kowa ba sai tasa. Ya ce kakanninsa daga Ingila suka zo da shi, kuma asalinsa sunan wata bishiya ce mai son bakin rafi, waɗanda suka yi gida kusa da ita aka laƙaba musu. A cewarsa ko a can Ingila masu sunan sun yi ƙaranci, shi kam ya riga ya sallama cewa da shi za a binne shi. Da ya tambayi Abukari inda ya samo, Abukari ya ce na kakansa ne. Tsohon ya tafa hannu, ya ce lalle wani ɗan'uwansu ya taɓa zuwa Gana zamanin Turawa. Abukari ya ga idon mutumin ya cika da hawaye, sai bai gyara masa ba.

Da labarin ya iso shago, Harouna ya yi dariya har da dukan kanta.

"Bishiya? Kaka Sallau ne bishiya? Bon, ka tahi ka hwaɗa mishi mu rassan muna gaishe shi."

"Yaya, mutumin ba shi da kowa. Lonely ne kawai," in ji Abukari.

"Ni ina da kowa ne?"

Abukari ya ɗauka wasa ne, ya yi dariya.

Ba wasa ba ne. A hankali Juma'ar da Abukari ke zuwa shago su ci tuwo su yi hira ta fara guntulewa, don zai kai tsohon wurin likita. Lahadi kuma sun tafi cin abinci gidansa. 'Yarsu Najat, wadda Harouna ya yi wa huɗuba da bakinsa, ta koma kiran Bature Grandpa, wato Kaka, alhali shi Harouna in ya yi mata magana da Hausa da Turanci take amsa masa, tana kallon talabijin. Kishi ya kama Harouna sosai, irin wanda ke hana mutum jin daɗin abinci. Ya sa wani ɗan Gana mai gyaran waya a maƙwabta ya bincika masa kalmar, aka ce masa bayan bishiyar tana kuma nufin fuskar da ta ɗashe kamar ta mai jinya. Mako guda yana ba kwastomomi wannan labari, har waɗanda laima kawai suka shigo saye.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, shi ne ya san Sallau. Shi ya san warin gorar tabarsa, ya san yadda yake tari kafin ya yi magana. Amma ga wanda bai taɓa ganin tsohon ba yana yawo da sunan a mota, ana girmama shi, har sunan ya haifa masa sabon dangi. Shi kuwa mai ainihin abin an bar shi da Salun.

Ranar Babbar Salla ta 2016 aka taru a gidan Abukari kamar kullum. Al'adar gidan ita ce Harouna ya zauna a babbar kujerar da ke kusa da taga, a fara kawo masa hanta, ya yi addu'a. Ya shigo cikin shaddarsa mai ruwan sama, sai ya tarar da Mista Sallow a kujerar, an ɗora masa wata hula, kuma daga shagon Harouna aka sayo ta. Nimatu ta risina ta gaishe shi, ta ce ƙafar tsohon ce ke ciwo, shi ya sa. Harouna ya ce babu komai, ya zauna a kujerar roba. Hanta ta zo, Najat ta ɗauki farantin ta wuce shi ta kai wa Grandpa.

Tsohon ya zo da kyauta, hoton bishiyar a bakin wani rafi, an sa shi a gilashi. Ya miƙa wa Najat, ya ce ta rataye, don ta san inda sunanta ya fito. Yarinyar ta rungume hoton. Nan Harouna ya ajiye cokali. Ya tattaro Turancinsa na kasuwa, ya tambayi Baturen ko ya san sunan wannan rana.

"Salla," in ji tsohon, yana murna ya iya.

"To shi ke nan sunan," in ji Harouna. Ya bayyana masa cewa a Hausa yaron da aka haifa ranar Salla shi ake kira Sallau. Ya ce kakansu baƙi ne wuluk, goro yake sayarwa, bai taɓa ganin Ingila ba, bai haɗa komai da wani Bature ba. Magatakarda ne kawai ya karkata alƙalami. Ya ce Abukari ya san haka sarai.

Mista Sallow ya sunkuyar da kai yana kallon hannayensa. Harouna ya jira ya ga fushi, ya jira ya ga mutumin ya cire hular ya nemi sandarsa. Amma da tsohon ya ɗago, murmushi ya yi, ko da yake murmushin na ƙarfin hali ne. Ya ce to ai wannan ma'anar ta fi bishiya kyau, kuma shi dama ya daɗe yana zargin haka, bai so ya tambaya ba ne. Ya dafa kan Najat. Sannan ya juyo ga Harouna da ladabi, ya ce tunda shi ya zauna da kakan, ya ba su labari mana. Yaya ya ji da ya bar ɗansa a Kumasi? Yana yawan zancensa?

Harouna ya ga harbinsa bai kama ba. Ya ga har yanzu hular tana kan Baturen, hannun Baturen yana kan yarinyar. Sai ya juya harshe zuwa Hausa, don ya tabbata wanda yake nufi ya ji.

"Bai taɓa hwaɗin sunanshi ba. Ko so guda. Mu ne ɗiyanshi, mu ya sani."

Ƙarya ce. Har ya rasu, Sallau ba ya ganin falken da ya fito kudu bai tambaye shi Tsoho ba, kuma duk Salla sai ya sa an ɗinka riga ɗaya fiye da yawan yaran gidan. Harouna ya san wannan fiye da kowa, don sau da yawa shi ake bai wa rigar daga baya. A shekarun da suka yi tare bai taɓa ba Abukari wannan labari ba. Abukari bai tambaya ba, shi kuma yana jin daɗin a ce akwai abin da shi kaɗai ya mallaka.

Nimatu ta miƙe ta shiga kicin. Baturen bai ji Hausa ba, amma ya ga fuskar Abukari, sai ya daina tambaya. Aka ƙarasa cin naman haka nan, kowa yana yabon yaji.

Bayan la'asar Abukari ya ɗauki makulli, ya ce zai sauke Yaya a shago. Suka hau babbar hanya. Harouna yana ta gyara zaman hularsa. Sai da suka tsaya a ƙarƙashin gadar, jirgi ya wuce ta samansu da ƙararsa, sannan Abukari ya yi magana, idonsa a kan sitiyari.

"Yaya, ni na san Kaka ba Bature ne ba. Babana ya mutu yana jiran mutumin nan ya aiko ko da gaisuwa. Sunan nan kaɗai ya bar muna. Kai ka gan shi, ka ci da shi, ka yi mishi wanka ranar da ya rasu. Ni spelling kawai na samu. Shi ma ya tsaya maka a wuya?"

Harouna ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Kishin da ya yi shekara yana ciyarwa ya neme shi ya rasa, sai tsoro ya maye gurbinsa, tsoron ya fita daga motar nan ya koma mutumin da ba shi da kowa. Ya kama hannun ƙanensa.

"Abukari, wallahi ƙarya na yi. Kullum shina zancen babanka. Kullum. Har riga shike ɗinka mishi duk Salla, ni ka sa ta. Na rantse maka."

Abukari ya juyo ya dube shi. Babu fushi a idonsa, da ma akwai da Harouna ya fi samun sauƙi. Ya zare hannunsa a hankali.

"Shekara shida muna tare ba ka faɗa mini ba, sai yau. To wanne zan ɗauka, Yaya? Na ɗazu ko na yanzu?"

Duk wanda zai iya ba da shaida ya rasu, Harouna kaɗai ya rage, kuma shi ɗin ne ba a yarda da shi ba. Wata mata ta ƙwanƙwasa gilashi tana tambaya ko tasin babu kowa.

"Akwai fasinja, Yaya," in ji Abukari. "Barka da Salla."

Harouna ya fito. Ya tsaya a bakin shagonsa da makulli a hannu, yana kallon motar har ta sha kwana.