Ɗani Biyu da Yatsu Uku

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta Fulani, ita kuwa ta riƙe ta hannu bibbiyu. Kakata ce ta raine ni a ƙauyen Abbare, sai da na zama budurwa na dawo unguwar Turaki a Jalingo, ina ce wa mahaifiyata Adda kamar wata yayata. In za ta aike ni, bango take kallo ta ce, "A gaya wa waccan ta kawo ruwa." Na san al'ada ce, amma sanin bai hana abin yi mini ciwo ba. Na sha tambayar kaina ko matar nan tana sona.

Ba a daɗe da mayar da Jalingo babban birnin jiha ba aka ba ni aikin koyarwa a Gembu, can saman Mambila. Duk wanda ya ji sai ya kama baki ya ce sanyi zai gama da ni. Washegari Adda ta dawo daga kasuwa da tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo, koriya, ta warware ta, ta wanke ulun, ta naɗe shi a ƙafafun kujera don ya miƙe. Sannan ta shiga gidan maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Mumuye da ta koyi saƙa a zumuntar matan cocinsu. Wai a koya mata, za ta yi wa wata yarinya a dangi riga.

Na yi dariya a raina. Adda fa ce, wadda ba ta iya jiran tukunya ta tafasa sai ta buɗe ta sau biyar. Amma kullum bayan la'asar suna kan tabarma a gindin mangwaro, tsinkayen saƙa biyu a hannunta, tana ja tana tsaki. Ta kuskure, a warware, ta sake.

Babbar matsalar ita ce awo. Kunya ta hana ta gwada ni, sai satar kallo in na wuce da tsintsiya. Rigar farko da kyar za ta shiga 'yar shekara goma.

"Maƙwabciya, ki auna yarinyan nan mana," in ji dattijuwar.

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

"To naki ido bai sani ba. Warware!"

Adda ta warware aikin mako uku. Karo na biyu ta auna bubata da na shanya a igiya, ta manta buba ba ta bin jiki. Wannan kuwa ta fito kamar buhun masara. Saura kwana ashirin in tafi, ulun ya fara laushi don shan warwara. Dattijuwar ta ce ba zai jure wani kuskuren ba.

Ina shara dattijuwar ta ƙwala mini kira, ta tsayar da ni a gaban Adda.

"Ga yarinyan dangi ya zo. Ni ban ga komai ba." Ta juya mana baya.

Adda ta daɗe a zaune. Can ta tashi ta zagaya bayana. Na ji babban yatsanta a kafaɗata ta hagu. Tana ƙirgawa a hankali da Fulatanci, ɗani ɗaya, ɗani biyu, sai yatsu uku. Ta auna hannuna har wuyan hannu, ta auna tsawon bayana. Tun da na yi wayo ban taɓa jin tafinta a jikina ba. Hawaye suka zubo mini, na gode Allah da bango nake fuskanta.

Ta gama rigar ana gobe tafiya. Hannun dama ya ɗan fi na hagu tsawo, ta kai hannu za ta sake warwarewa, na fizge rigar na rungume.

Da safe, na ɗaure kayana, na tsaya a bakin ƙofa ina jiran saƙon da za a bai wa bango. Adda ta gyara mini wuyan rigar, ta dube ni ido cikin ido.

"Ki riƙa sa ta tun da asuba," ta ce. "Kin ji?"